Ƙasar da Suka Roƙo wa Mama

A unguwarmu a Kafanchan ba a barin ƙasa ta fita gari. Duk wanda ya haƙa rami, na masai ne ko na harsashin gini, kafin ya share gumi maƙwabta sun iso da baro da doguwar gaisuwa. Wannan ya ce ruwa na kwanciya a ƙofar gidansa, wancan ya ce bayan kicin ɗinsa ya zaizaye. Garin ruwan sama ne, damina tana cin ƙasa ba tausayi, don haka ciko abin nema ne a wurinmu, har mutum yakan yi shekara yana gaba da ɗan'uwansa a kan baro biyu na jar ƙasa. Na faɗi wannan tun da wuri don kada a ɗauka jahilai ne suka yi abin da zan ba da labari. Masu ilimi ne, kowa da takardar shaidarsa a rataye a bangon falo, an sa mata gilashi.

Gidanmu ne na ƙarshe a kan tudu. Daga ƙofarmu hanya take gangarawa zuwa babban titi inda gidan mai yake, daga bayan gidan man kuma sauran gidajen unguwa suka jeru har rafi. Baba ma'aikacin reluwe ne, shi da kansa ya sa aka haƙa rijiyar da ke tsakar gidanmu, kusa da katangar gaba, tun ba a haife ni ba. Bayan rasuwarsa rijiyar nan ce ta riƙe Mama. Da ruwanta take dama kunun da take sayarwa, da cittar da 'yan'uwanta ke aiko mata daga Kwoi. In an yaba kunun sai ta ce ba hannunta ba ne, ruwan ne. Ni malamar makaranta ce, na dawo gida zama da ita ne da ƙafafunta suka fara ciwo.

Ranin da abin ya faru, rijiyoyin gangare suka fara wari. Da farko kowa ya ɓoye nasa, don kada a ce gidansa ƙazamai ne. Sai da wata tsohuwa Ibo, wadda mijinta ya yi reluwe tare da Baba, ta ɗebo guga ta kai bakin titi ta ƙyasta masa ashana, ruwa ya kama da wuta a gaban jama'a, sannan kowa ya tuna ai nasa ma ya kwana biyu yana yi. Ashe tankin da aka binne a ƙarƙashin gidan man ne ya yi tsatsa ya huje, fetur ya daɗe yana tsiyaya cikin ƙasa. Kada ka zaci tsoro ne ya fara kama mutanenmu. 'Yan acaba ne suka fara zuwa da galan, suna roƙon a bar su su yaɗe na sama.

Daga baya hukuma ta rufe gidan man, ta tilasta wa mai shi ya ɗauko masu gyara. Aka kewaye wurin da kwano. Mai kula da aikin wata injiniya ce, gajeriya, ta manyanta, kullum cikin takalmin roba, ba ta da yawan dariya. Ta sa aka huda ƙasa wuri-wuri aka kafa ƙananan bututu masu murfi, ta bi gida-gida tana ɗibar ruwa a kwalabe. Da sakamakon gwajin ya dawo sai ta tara mu a wani aji na firamaren cocinmu, ta ɗauki alli ta zana mana tudu da gangare. Ta ce ruwan ƙarƙashin ƙasa ma gangarawa yake yi kamar na sama, fetur kuma binsa yake. Duk rijiyar da ke ƙasa da gidan man ta ɓaci. Wadda ta tsira guda ɗaya ce, ta Mama, saboda mai ba ya hawa tudu da kansa.

Sai ta yi bayanin ƙasar. Za a haƙe tankin, a kwashe duk ƙasar da ta sha mai, a kai ta wani wuri can wajen gari da aka dabe da siminti. A can za a baza ta, a gauraya da kashin kaji da dussar katako, a riƙa juyawa wata da watanni har ƙananan ƙwayoyin halitta su cinye man. Ta ce kafin a kai ta, kada kowa ya taɓa ko da cikin cokali.

A nan Baba Hedimasta ya miƙe. Tsohon shugaban makaranta ne, dattijo a cocinmu, shugaban kwamitin unguwa, kuma aminin mahaifina. Mutum ne da ba ya tambaya don ya sani, sai don a san yana wurin. Ya gyara tabarau, ya fara da Turanci mai tsawo, da ya ga tsofaffin mata sun fara hamma ya dawo Hausa.

"Madam injiniya," in ji shi, "ni na koyar da sayans kafin ki shiga firamare. Fetur in ya zuba a riga, ka shanya a rana, ba ya tashi? Ƙasa ma haka ne. Rana ya buge shi kwana biyu, ya ƙare. Yanzu kashin kaji da manoman citta suna nema ido rufe, shi za ku ba ƙasa ya ci?"

Aji ya ɗauki dariya har da tafi. Injiniya ta jira suka gama, ta ce wanda ya tashi a riga daban, wanda ya shiga cikin ƙasa daban, ruwan sama na farko zai wanke shi ya kai shi ƙasa. Ba wanda ya saurara, don an riga an samu abin da za a maimaita a gida. Baba Hedimasta ya zauna yana hura hanci.

Daga ranar gidanmu ya zama kasuwa. Tun asuba layin bokiti da jarka yake kaiwa bakin hanya. Mama ba ta taɓa hana kowa ba, ba ta kuma karɓi komai ba. Ta fito da kujerarta ta zauna kusa da rijiyar tana amsa gaisuwa, tana faɗa da masu jefa guga da ƙarfi. Gaskiya ta ji daɗin abin. Matan da a da ke wuce ta a coci da ɗaga hannu kawai, yanzu sai sun durƙusa sun tambayi ƙafa. Ban taɓa ganin fuskarta a sake haka ba tun rasuwar Baba, kuma na yi murna da hakan.

Amma inda mutane da yawa ke ɗibar ruwa, dole a zubar. Akwai wani ɗan kwari a ƙofar gidanmu, jikin katangar da rijiyar take bayanta, nan ruwan ya riƙa taruwa har ya zama taɓo. Wata safiya matar Baba Hedimasta ta zame a ciki da baho a kai, ta zauna daɓas, zani ya yi gefe. Ba ta ji ciwo ba. Da wata ce da an yi dariya an wuce. Amma matar shugaban kwamiti ce, don haka kafin yamma taɓon ƙofarmu ya zama matsalar al'umma, aka kira taron gaggawa.

A lokacin katafila ta riga ta tono tankin. Ƙasar tana tsibe a cikin shingen kwano, an lulluɓe ta da baƙin tampol, tsibi ya fi katanga tsawo, duk mai wucewa yana ganinsa yana haɗiyar yawu. Injiniya ta tafi Kaduna da kwalaben gwaji, ta bar ɗan kwangilar tifofi ya fara kwasa. Ni kuma an tura ni Kauru duba jarrabawa na mako guda. Abin da ya faru a bayana daga bakin mutane na ji, kuma da alfahari suka ba ni labari.

Dattawa uku suka sa kwat, suka rubuta wasiƙa a takarda mai hatimin kwamiti, suka je wurin ɗan kwangila roƙon ƙasa. Suka ce akwai gwauruwa a kan tudu, baiwar Allah, tana shayar da unguwa kyauta, ƙofarta ta lalace. Suka ce zunubi ne a wuce da ciko a gaban idonta a kai daji a zubar. An ce sun shirya dogon jawabi, amma mutumin bai bari sun kai rabi ba. Wanda aka ce ya yi doguwar tafiya da kaya, sai ga masu kwat suna roƙon ya sauke a nan kusa, wane roƙo yake bukata? Ya ce saboda Allah zai ba su tifa huɗu. Suka yi masa addu'a a tsaye, suka sa masa albarka har jikokinsa.

Ranar Asabar na dawo. Tun daga gindin tudu, ina bayan ɗan acaba, hancina ya gaya mini. Da muka hau sai na tarar da gayya. Zumuntar maza sun zo da shebur, mata suna waƙa suna yayyafa ruwa, wasu suna dabewa da guntun katako. Ƙasar tana da kyau a ido, wannan ba zan musa ba: duhu-duhu, da danshi, tana kamawa da an taka. Sun cike kwarin, sun shiga har tsakar gida, sun zagaye bakin rijiyar da ita sun tayar da wurin don kada ruwa ya sake kwanciya. Mama tana gefe da tukunyar shinkafa da bokitin kunu tana rabawa, fuskar nan kamar ranar biki.

Ban ko sauke jaka ba na nufi Baba Hedimasta. Yana tsaye a inuwa da sandarsa yana nuna inda za a ƙara. Na gaishe shi, don ko wuta ce ke cin gida sai an gaishe shi.

"Baba, daga ina ƙasar nan?"

"Ubangiji ya tanada, 'yata."

"Baba, ta gidan mai ce. Ba ku ji wari ba?"

"Wari na kwana biyu ne. Ki je ki huta, kin sha hanya."

Na ce injiniya ta hana, a gabansa ta hana. Muryata ta tashi, masu shebur suka tsaya. Ya cire tabarau ya dube ni sama da ƙasa.

"Ni na riƙe ki ranar baftisma," in ji shi. "Babanki in yana da rai ba zai tsaya a gaban mutane ya koya mini sayans ba. Mun ga uwarki cikin taɓo mun taimaka. Ke da kike cikin gidan, baro nawa kin kawo?"

Wani ya yi dariya. Mama ta taso da ƙyar ta kama hannuna ta ja ni ɗaki, ta rufe ƙofa. Ta hau ni da faɗa, amma ba don ƙasar ba.

"Kina so ki kashe ni da kunya? Mutane sun bar aikinsu sun zo mini. Tun da babanki ya mutu wa ya taɓa yi mini gayya? Kyauta ne. Ba a mayar da kyauta."

Na ce, "Mama, rijiyarki za ta mutu."

"Rijiya na yana kan tudu. Matan nan, injiniya, da bakinsa ya faɗa, mai ba ya hawa."

Na ce ai ga shi sun hawo da shi a tifa. Ta ce in rufe mata baki, kuma in na kira injiniya in nemi wata uwar.

Washegari a coci aka yi sanarwa. Sakatare ya karanta sunayen kwamiti ɗaya bayan ɗaya, ana tafi. Aka yi wa ɗan kwangila addu'a ta musamman a matsayin baƙon da ya fi 'yan gida tausayi. Mama ta fita godiya, matan zumunta suka raka ta da rawa har gaban bagade. Ina zaune a benci na uku, takalmina na warin fetur, na kowa ma haka, cocin gaba ɗaya kamar garejin makanikai. Fasto ya sa aka buɗe tagogi, ya ce zafi ya yi yawa.

Yanzu zan faɗi nawa, don ba su kaɗai ba ne abin raini a labarin nan. Lambar injiniya tana cikin wayata. Na buɗe ta ya fi a ƙirga, ina kallo, ina rufewa. Na ce wa kaina bari Mama ta huce. Na ce bari matar ta dawo da kanta ta gani, sai ya zama ba ni na kai ƙara ba. Na ce ai sama ba ta haɗa hadari ba tukuna. Ni da nake tsayawa gaban allo ina koya wa yara yadda ruwa ke ratsa ƙasa, na zauna kwana tara ina tsoron fushin tsohuwa da harara a coci. Abin da na iya yi kawai shi ne na sayo leda na shimfiɗa a bakin rijiyar na danne da duwatsu, kamar mai rufe tuwo.

A kwana na bakwai aka yi ruwan farko, irin na Kafanchan, mai zuwa da iska. Ya yi awon gaba da ledata. Washegari aka sake, aka kuma sakewa. Ruwan da ke gudu daga ƙofarmu yana sheƙi launi-launi, yara suna binsa suna tsokana da tsinke. Baba Hedimasta ya zo da lema ya duba aikinsa, ya buga sanda a ƙasa, ya ce kun gani, ko taɓo babu.

Ranar Talata na tafi gidan man da ƙafata. Injiniya ta dawo, tana tsaye da ɗan kwangila yana nuna mata takardu masu hatimi cewa kowace tifa ta isa inda aka aike ta. Na ce mata ta zo ta ga inda huɗu suka isa. Muka hau tudun tare. Da ta tsaya a ƙofarmu ta durƙusa ta damƙi ƙasar ta shinshina, ta leƙa tsakar gida ta ga bakin rijiyar, sai ta rufe ido ta daɗe. Na so ta yi ihu, ta zagi wani, ko ni ce. Tambaya ɗaya ta yi mini: ruwa nawa aka yi a kai? Na ce uku. Ta ce yaushe na sani? Na faɗa mata gaskiya. Kallon da ta yi mini har yau ina jin sa.

A ranar ta hana ɗiba. Bayan kwana biyu katafila ta hau tudun, ta kwashe cikon har da ƙasarmu ta asali da ke ƙarƙashinsa, ta bar rami ya fi na da. Dattawa suka tsaya daga nesa suna gunaguni wai an raina su, an kwashe musu aikin gayya ba a ko nemi izinin kwamiti ba. Ɗaya har ya tambaya ko za a iya bar masa baro ɗaya, tunda an riga an ɗebo.

Mama ba ta jira gwaji ba. Da safe ta jefa guga da kanta, ta jawo, ta tsaya tana kallon saman ruwan. Ta ɗiba a tafin hannu ta kai hanci. Ta zubar, ta sake jefawa, ta sake. Sau biyar na ƙirga. Daga nan ta kife gugan ta koma ɗaki, ranar ba ta hura wutar kunu ba. Ba ta yi mini faɗa a kan kiran injiniya ba, ba ta kuma ce na yi gaskiya ba. Da sakamako ya zo bayan mako biyu, abin da hancinta ya gaya mata ne aka rubuto da Turanci.

Layin bokiti ya koma bakin titi, inda tankar ruwa ke zuwa sau biyu a mako. Gaisuwar ƙafa ta ƙare. Na ji da kunnena wata tana cewa Allah kaɗai ya san abin da tsohuwar nan ta shayar da su. Baba Hedimasta kuwa ya zo jaje da dattawansa, suka zauna a falo suka ce aikin magabci ne, wanda ba ya son ya ga 'ya'yan Allah suna shan ruwa cikin salama. Suka yi addu'a mai ƙarfi suka ɗaure shi. A taron kwamiti na gaba ya bayyana cewa ɗan kwangila ne ya yaudare su, shi kuwa tun farko yana da shakka a kan launin ƙasar. Aka rubuta haka a littafin taro, aka amince ba hamayya. Kalmar haƙuri ɗaya da ta fito daga bakinsa ita ce wadda ya ce Mama ta yi.

Injiniya ta zo ta zauna da Mama ta yi mata bayani a hankali. Za su sa bututu da injin zuƙa a gefe, za su riƙa gwaji. Ruwan zai iya gyaruwa. Mama ta tambaya yaushe. Matar ta ce shekaru, ba za ta yi mata ƙarya ta faɗi adadi ba. Kafin nan dole a rufe bakin da siminti, don kada wani yaro ya ɗiba. Mama ta dubi ƙafafunta da suka kumbura, ta ce to.

Magina biyu aka turo, da tsakar rana. Suka ɗora faifan kankare a bakin rijiyar suka fara shafe gefen da siminti. Mama ta sa na fito mata da kujerarta, ta zauna tana kallo. Da ta ga gumi na zuba daga goshin babbansu, sai ta juyo ta ce mini, "Ke, baƙi suna aiki a rana, ba za ki ba su ruwa ba?"

Na shiga kicin. Tanka ba ta zo ba tun shekaranjiya, randa ta bushe, jarkar ƙarshe na juye ta da safe. Na fito da kofi a hannu, ba ko ɗigo a ciki, na tsaya. Maginin ya dube ni, ya dubi kofin, ya gane.

"Bari, Mama, mun zo da namu," in ji shi.

Ya goge hannu a wando, ya buɗe buhunsa ya ciro ruwan leda biyu. Ya fasa ɗaya da haƙori. Ɗayan ya miƙa wa Mama, ya ce ta sha, rana ta yi zafi. Ta sa hannu biyu ta karɓa, ta ce ta gode, Allah ya yi albarka. Ta ajiye shi a cinya ta riƙe, har suka gama shafe simintin suka wanke cokalinsu suka tafi ba ta fasa ba.